Dalma a garin gahawa: sakamakon AAS ya ƙi tsayawa wuri ɗaya

Nafisa_Malali ta rubuta:

Assalamu alaikum. Malamai, don Allah a duba min wannan aikin kafin in miƙa rahoto. Samfurin gahawa 12 ne a hannuna: huɗu ɗanyen ƙwaya daga Mambila, biyar gasasshen gari da aka sayo a kasuwannin Kaduna, uku kuma irin ta gwangwani mai narkewa a ruwan zafi. Ana son sanin adadin dalma, kadmiyom, jan ƙarfe, tutiya, ayon (baƙin ƙarfe) da manganis.

Ga yadda nake yi. Ina niƙa ƙwayar a injin markaɗe na kicin mai wuƙar ƙarfe, in auna giram 0.5, in zuba masa asid ɗin naitirik mL 10 a bika, in ɗora a farantin zafi cikin akwatin zuƙe hayaƙi har jan hayaƙin ya daina tashi. Daga nan in tace da takardar tacewa, in cika zuwa mL 50 da ruwan tururi. Na'urar AAS ce, wadda ke auna ƙarafa ta yawan hasken da suke zuƙa, mai harshen wuta na iska da gas ɗin asitilin. Dalma ina karanta ta a zangon haske na 217.0 nm, ruwan ma'aunina (ruwan da aka san adadin dalmar cikinsa) 1, 2, 5 da 10 mg/L, R² kuma, lambar da ke nuna miƙewar layin ma'auni, ya ba ni 0.999.

Manganis da jan ƙarfe suna fitowa ba laifi. Dalma ce ta gagara. Samfuri ɗaya na narkar sau uku, na samu 2.1, 0.8 da 4.6 mg/kg, da na sake na huɗu sai ya faɗi ƙasa da sifili. Lambar zuƙar haske tana yawo ne tsakanin 0.000 da 0.001. Ayon ɗin ƙwayar da na niƙa da kaina ya kusa ninka na garin da aka sayo a niƙe. Ruwan narkarwar kuma rawaya ne, da ɗan maiƙo manne a gefen bika.

Shin dalmar gaske ce wannan? In ɗauki matsakaicin ukun in rubuta 2.5 mg/kg? Sannan an ce sai na tabbatar da ingancin hanyar kafin a karɓi sakamakon. Me da me ake yi, kuma sau nawa? Allah ya saka da alheri.

Malam_Sani_Kakuri ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malama Nafisa, kada ki rubuta 2.5 ɗin nan ko da fensir. Abin da kike karantawa rawar na'ura ce, kuma lissafi kaɗai ya isa ya nuna hakan.

A 217.0 nm, in na'urar tana cikin ƙoshin lafiya, dalma kimanin 0.2 mg/L ce ke ba da zuƙar haske 0.0044. Ke nan 0.001 ɗaya tak daidai yake da wajen 0.045 mg/L. Ke kuma kin sa giram 0.5 a mL 50, wato duk abin da na'ura ta karanta sai kin ninka shi sau 100. Saboda haka lambar ƙarshe a fuskar na'urar ta motsa da ɗigo ɗaya, sakamakonki ya yi tsalle da 4.5 mg/kg. Duk lambobinki huɗu, har da wanda ya faɗi ƙasa da sifili, a cikin wannan ɗigo ɗaya suke zaune.

Yanzu ki juya lissafin. Gahawa mai tsabta yawanci dalmarta ba ta kai 0.1 mg/kg ba. A ce taki tana da 0.05. A cikin kwalbarki zai zama 0.0005 mg/L, wato rabin maikirogiram a lita. Harshen wuta, a ranar da ya fi kowace rana kyau, ba ya ganin dalma ƙasa da 0.01 zuwa 0.02 mg/L. Tazarar ta kai ninki 20 zuwa 40. Kadmiyom ma haka, don ita a gahawa ta fi dalma ƙaranci. Babu gyaran bakin wuta ko sauya fitila da zai rufe wannan giɓin.

R² na 0.999 kuwa shaida ce kan tsakanin 1 da 10 mg/L kawai. Samfurinki yana ƙasa da ma'auninki mafi ƙanƙanta da nisa ƙwarai, inda layin bai taɓa taka ƙafa ba. Ƙa'idar ita ce samfuri ya faɗo tsakanin ma'auni na ƙasa da na sama. In ya faɗo waje, ba a auna shi ba, hasashe aka yi.

Akwai kuma abin da ke ƙara dagula 217.0. Toka a gahawa kusan kashi 4 cikin 100 ce, kuma fotasiyom ne ya fi yawa a cikinta, wajen kashi 1.5 zuwa 2 na nauyin busasshiyar ƙwaya. A kwalbarki akwai fotasiyom 150 zuwa 200 mg/L, ga ragowar maiƙon da bai narke ba. Waɗannan suna warwatsa haske a gajeren zango irin 217.0, na'ura kuma ta ɗauka dalma ce ta zuƙe shi. Ki duba ko fitilar diyutiriyom, wadda ke cire wannan kuskuren daga karatu, a kunne take lokacin karatu. In a kashe take, ki kunna ki sake karanta kwalba ɗaya, za ki ga lambar ta sauka. Layin 283.3 nm ya fi natsuwa duk da ƙarfin ganinsa bai kai rabin na 217.0 ba, amma shi ma ba zai kai ki inda kike so ba.

Abin da ya dace: dalma da kadmiyom a kai su tandar girafait (AAS mai ƙona samfuri a ɗan bututu maimakon harshen wuta) ko ICP-MS (na'urar da ke ƙirga sinadarai ta nauyinsu), waɗanda ke ganin adadi ƙasa da wanda harshen wuta ke gani. Harshen wuta ki bar masa jan ƙarfe a 324.8, tutiya a 213.9, ayon a 248.3, manganis a 279.5. Su ɗin ma ki rage ruwan, ki cika zuwa mL 25 maimakon 50, ma'auninki kuma ya sauko: 0.1, 0.2, 0.5, 1 da 2 mg/L ga jan ƙarfe da manganis, tutiya kuma kada ta wuce 1 mg/L don layinta yana lanƙwasa da wuri. Ruwan ma'aunin ya ɗauki asid daidai ƙarfin wanda ke cikin samfuri, in ba haka ba mafeshin zai ja su da gudu daban-daban.

In babu hanyar samun wata na'ura, abin da gaskiya ta yarda ki rubuta shi ne dalma tana ƙasa da iyakar ganowar hanyar, ki faɗi iyakar da lamba. Mutanen arewa ba su manta da gubar dalma ta Zamfara a 2010 ba. Takarda ɗaya da ta ce gahawar Mambila tana da dalma 2.5 mg/kg tana iya kashe wa manoman Gembu kasuwa a kan abin da babu shi.

Hajiya_Rabi_Barnawa ta rubuta:

Malam Sani ya gama da na'ura, ni bari in koma teburin aiki, don ko tandar girafait aka kai waɗannan kwalaben ba za su ba da amsar kirki ba.

Injin markaɗen nan shi ne amsar tambayarki ta ayon. Ɗanyen ƙwayar gahawa tauri gare ta kamar tsakuwa, tana kankaro ayon, kuromiyom da nikel daga wuƙar. Gasasshiya tana farfashewa da sauƙi, ita ba ta cin wuƙa haka. Ki yi amfani da turmin dutsen aget ko injin niƙa mai haƙoran tangaran. In ɗanyen ya ƙi niƙuwa, ki sa shi a firiza cikin leda mai kauri ya kwana, zai fi saurin fashewa. Ki niƙa aƙalla giram 50 zuwa 100 ki gauraya sosai kafin ki ɗebi rabin giram, domin ƙwaya uku ko huɗu ba sa wakiltar buhu.

Rawayar ruwan da maiƙon gefen bika suna gaya miki narkarwar ba ta kammala ba. Gahawar arabika tana da mai wajen kashi 15 cikin 100, robusta wajen 10. Asid ɗin naitirik a buɗaɗɗen bika yana tafasa ne a kusan digiri 120, wannan zafin kuma bai isa ya karya mai ba. A rufaffiyar kwalbar maikirowef ne zafin ke kaiwa inda ake so. Giram 0.3 zuwa 0.5 a kwalbar tefulon, naitirik mai ƙarfin kashi 65 mL 6, a bar shi a buɗe cikin akwatin hayaƙi minti 20 zuwa 30 ya gama kumfarsa. Wannan jiran ba ɓata lokaci ba ne: gasasshen gari da gahawar gwangwani suna fara aiki da asid nan take, in kika rufe da wuri matsin zai tashi lokaci ɗaya, bawul ya buɗe, samfuri ya fita da tururi. Bayan nan a ƙara haidirojin farokside mai kashi 30 mL 1 zuwa 2, a rufe, a hau zuwa digiri 190 ko 200 cikin minti 20, a tsaya nan minti 15 zuwa 20. Kada a buɗe sai ya huce ƙasa da digiri 50. Ruwan da ya narke daidai garau yake, ko da ɗan kore-kore kaɗan, babu abin da ke yawo a ciki, ba ya buƙatar tacewa. Takardar tacewa ita kanta tana iya ba da tutiya da ayon, tana kuma riƙe wani abu daga samfurin.

In farantin zafi kaɗai gare ku, a jiƙa samfurin da asid ya kwana a rufe da gilashin agogo, washegari a dafa a hankali awa biyu zuwa uku ba tare da an cire murfin ba, a sauke ya huce, a ɗiga farokside kaɗan-kaɗan, a mayar. A maimaita har ruwan ya washe. Kada a bari ya ƙafe ƙarƙaf. Kuma ina roƙon ki, duk wanda ya ce ki ƙara asid ɗin fakulorik don ya yi sauri, kada ki yarda. Fakulorik mai zafi da samfuri mai maiƙo fashewa suke yi, kuma akwatin hayaƙi na yau da kullum ba a gina shi don shi ba.

Abin da ban gani a bayaninki ba shi ne bilank, wato kwalbar da aka zuba wa asid da farokside daidai adadin, aka dafa ta tare da sauran, aka cika ta, amma ba a sa gahawa ba. Kowane zagaye yana buƙatar aƙalla biyu. Ita ce ke gaya miki abin da ɗakin ya zuba a aikinki. A Kaduna wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ki goge tebur da safe, kafin azahar ki shafa yatsa ki ga jan ƙura. Ƙurar hunturun nan cike take da ayon da alminiyom, akwatin hayaƙi kuma iskar ɗaki yake ja ta bi ta kan bikar da ke buɗe. In janareta na kusa da taga, hayaƙinsa ma yana shigowa.

Duk kwalba da bika su kwana awa 24 a naitirik mai kashi 10, a ɗauraye sau uku da ruwan da aka cire wa sinadarai mai 18.2 MΩ·cm. Ruwan tururi daga tukunyar ƙarfe yana iya ɗauko jan ƙarfe da dalma daga bututu. Asid ɗin ya zama na aikin ƙananan sinadarai, don na gama-gari dalmar cikinsa tana iya fin ta samfurin. Safar hannu marar hoda, saboda hodar da robar suna ba da tutiya. Ruwan da aka narkar a ajiye shi a kwalbar roba ta folifirofilin, ba gilashi ba.

Ki kuma auna danshi a wani kaso daban: ɗanyen ƙwaya a digiri 105 na awa 16, kamar yadda ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 6673 ta tsara. Ɗanye yana riƙe ruwa kashi 10 zuwa 12, gasasshe ƙasa da 5. In ba ki mayar da duka kan busasshen nauyi ba, kwatanta su ba zai yi ma'ana ba. Misali 14.2 mg/kg a ƙwaya mai danshi kashi 11, a raba da 0.89, ya zama 16.0.

Nafisa_Malali ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya. Na duba, fitilar diyutiriyom a kashe take, bilank kuma ruwan tururi kawai nake sawa, ban taɓa dafa shi da asid ba. Za a iya samun maikirowef da tandar girafait a wani ɗakin gwaji, amma a kan kuɗi, don haka ina so in san adadin kwalaben da zan shirya tun daga farko. Kuma samfurin shaida na gahawa, wato wanda ke zuwa da takardar tabbataccen adadin sinadaran cikinsa, ban san inda zan same shi ba. Ɗigawa kaɗai, wato ƙara wa samfuri sanannen adadin sinadari a ga nawa zai dawo, ta wadatar?

Dakta_Auwal_UnguwarRimi ya rubuta:

Malama, tabbatar da ingancin hanya amsa tambayoyi ne da lambobin ɗakinki, ba da lambobin littafin na'ura ba. Kafin komai ki rubuta a takarda mafi ƙanƙantar adadin da ake buƙatar ki iya aunawa. In wanda ya ba da aikin yana da iyakar da yake kwatantawa da ita, iyakar aunawarki ta zauna a kashi ɗaya cikin biyar nata ko ƙasa. In ba a yi wannan ba, za a gama aiki a rasa abin da za a ce ya ci ko ya faɗi.

Iyakar ganowa da ta aunawa daga bilank ɗin da Hajiya ta bayyana suke fitowa. Ki narkar da guda 10, kowanne a kwalbarsa, zai fi kyau a raba su kwana biyu ko uku. Karanta kwalba ɗaya sau goma kuskure ne da ya yi yawa, yana auna natsuwar na'ura ne kawai, ya bar asid da ƙura da hannun ma'aikaci a waje, sai a samu iyaka mai kyan gani wadda ba ta gaskiya ba. Ki fitar da ma'aunin warwatsuwarsu, s. Ninki 3 shi ne iyakar ganowa, ninki 10 iyakar aunawa. A ce s ya fito 0.15 µg/L a tandar girafait: iyakar ganowa 0.45, ta aunawa 1.5 µg/L. Da giram 0.5 a mL 25, wannan ya zama 0.023 da 0.075 mg/kg. Kin ga ko tandar ma a bakin iyakarta take aiki a kan dalmar gahawa, shi ya sa tsabtar bilank ta fi komai tasiri. Bayan lissafin, ki ɗiga wa samfuri daidai adadin iyakar aunawar, ki gwada sau shida ki ga ko da gaske ana samo shi.

Layin ma'auni: maki biyar ko shida ban da sifili, ga dalma a tanda 1 zuwa 20 µg/L, ga kadmiyom 0.2 zuwa 2. Kada ki tsaya a R². Ki mayar da kowane ma'auni cikin lissafin layin ki ga abin da ya ba ki. Na tsakiya da na sama su dawo cikin kashi 10, na ƙasa cikin kashi 20. In ragowar suka yi baka, na tsakiya duk sama, na gefe duk ƙasa, layin lanƙwasasshe ne, a rage tsawonsa. Ki kuma haɗa ma'auni ɗaya daga wata kwalbar asali daban don duba ta farkon.

Kan ɗigawa. Ana yin ta ne a kan busasshen gari kafin a zuba asid. Wadda aka yi bayan narkarwa tasirin gishirin samfuri a na'ura kawai take nunawa, ba ta san abin da ya tsere a dafuwa ba. Misali ga jan ƙarfe: mL 0.25 na 20 mg/L a kan giram 0.5 ya ƙara 10 mg/kg. In wanda ba a ɗiga wa ba ya ba da 14.2, wanda aka ɗiga wa 23.5, abin da ya dawo kashi 93 ne. A matakin mg/kg ana karɓar 80 zuwa 110, a wajen 10 µg/kg kuma jadawalin AOAC, ƙungiyar da ke tsara hanyoyin gwajin abinci, ya sassauta zuwa 60 zuwa 115. Mataki uku, na ƙasa, na tsakiya da na sama, kowanne sau uku aƙalla. Adadin da aka ɗiga ya yi kusa da abin da ke cikin samfurin. Ɗiga 5 mg/kg na dalma a kan samfuri mai 0.05 zai dawo da kyau kullum, bai kuma tabbatar da komai ba.

Amma ɗigawa kaɗai ba ta wadatar ba, don abin da kika ɗiga narkakke ne tun asali, bai shiga cikin ƙwayar ba. Samfurin shaida ne ke nuna ko asid ya fito da abin da ke ɗaure a ciki. Ba dole sai na gahawa ba. Na ganye ana amfani da su sosai: na NIST, hukumar ma'auni ta Amurka, akwai 1515 ganyen tuffa, 1547 ganyen fic, 1573a ganyen tumatir, akwai kuma INCT-TL-1 ganyen shayi daga Foland. Ki zaɓi wanda takardarsa ta ba da tabbatacciyar lamba ga sinadarin da kike nema, a matakin da ya yi kusa da naki, ki bi yadda takardar ta ce a busar da shi da mafi ƙarancin nauyin da za a ɗiba. Abu biyu ki riƙe. Ganye yana da yashin silika da ke riƙe ayon da alminiyom, naitirik kaɗai ba ya sakin su duka, don haka ayon zai iya fitowa ƙasa ba tare da laifin hannunki ba. Ganye kuma ba shi da man gahawa, saboda haka ɗigawa a kan gahawar kanta tana nan daram. Su biyun tare suke tafiya.

Maimaituwa iri biyu ce. Ta rana ɗaya: samfuri ɗaya, narkarwa shida daban-daban. Ta tsakanin kwanaki: a sake hakan a kwana uku, da sabon layin ma'auni kowace rana, in da hali da hannun mutum na biyu. Abin kwatance shi ne lissafin Horwitz na 1980, wanda ya nuna warwatsuwar da ake tsammani tsakanin ɗakunan gwaji: kashi 11 a 10 mg/kg, 16 a 1 mg/kg, wajen 22 a 0.1 mg/kg. Ta cikin ɗaki ɗaya a rana ɗaya bai kamata ta wuce kashi biyu cikin uku na wannan ba.

Daga waɗannan ne rashin tabbas ke fitowa. In warwatsuwar kwanaki kashi 5 ce, na karkatar da samfurin shaida da ɗigawa suka nuna kuma 4, a ninka kowanne da kansa, a haɗa, a ɗauki tushe: 6.4. A ninka da 2, kusan kashi 13. Sai a rubuta 16.0 ± 2.1 mg/kg. Lamba mai gurbi huɗu bayan ɗigo a kan rashin tabbas na kashi 13 ba ta ƙara wa rahoto komai.

Ƙidayar kwalabe: bilank 10, maimaituwa 18, ɗigawa 9, gwajin iyakar aunawa 6, samfurin shaida 6. Kusan 50 ke nan kafin ki taɓa samfuranki 12, waɗanda su ma sau biyu-biyu za a narkar. Kuma gahawar gwangwani ba ɗaya take da ɗanyen ƙwaya ba, fotasiyom ɗinta ya ninka, don haka ita ma a yi mata ɗigawarta. In rahoton zai je NAFDAC ko mai saye a ƙetare, a nemi ɗakin da ke da shaidar ƙwarewar ɗakin gwaji ta ISO/IEC 17025, a kuma duba ko ƙarafa a abinci suna cikin ayyukan da aka ba shi shaidar a kansu, don shaidar ba ta rufe duk abin da ɗaki ke yi.

Injiniya_Bello_Kawo ya rubuta:

Ranka ya daɗe Dakta, na yarda da tsarin, amma kwalba 50 da ɗori a maikirowef na haya kuɗi ne mai yawa, kuma akwai hanyar toka da ba a ambata ba. AOAC 999.11 a kanta aka gina ta, har da dalma da kadmiyom. Amfaninta shi ne ana iya ƙona giram 5 zuwa 10 maimakon rabin giram, sinadarin ya taru ninki goma ko ashirin a kwalba. A busar, a babbake a hankali a farantin zafi har hayaƙi ya ƙare, a sa a tanda tana sanyi, a riƙa hawa da abin da bai wuce digiri 50 a awa ba har 450, a bar shi aƙalla awa takwas. In tokar ta fito da baƙi-baƙi, a jiƙa ta da ɗan ruwa, a busar, a mayar. Kada a wuce 450 don neman farar toka da sauri: daga wajen 500 kadmiyom da dalma suna fara bin iska, musamman in akwai kulorayid. Matsalarta a garin nan ita ce wuta. In aka ɗauke da tsakar dare aka dawo da ita, wasu tandoji suna zabura su wuce zafin da aka saita, da safe ba wanda ya sani. Kaskon tangaran mai tsohon fenti da ya tsattsage kuma yana shanye dalma ko ya ba da ita, na kwatz ya fi. Duk wanda zai bi ta nan, kaskon ɗigawa da na bilank su kwana a tandar tare da sauran.

A tandar girafait, kada a harba gahawa ba tare da sinadarin riƙewa ba. Amoniyom fosfet da magnesiyom naitiret, ko faladiyom da magnesiyom, su ne ke riƙe dalma har a ƙone dattin a wajen digiri 800 kafin a watsa ta a wajen 1600. Kadmiyom ta fi saurin tashi, zafin ƙonawarta ya yi ƙasa da na dalma. Waɗannan lambobin mafari ne, kowace tanda sai an gwada ta da samfurin kansa, ana ƙara digiri 100 ana kallon inda alamar ta fara faɗuwa. A karanta girman filin da ke ƙarƙashin alamar, ba tsayinta ba. In gangaren layin da aka yi cikin ruwan samfuri ya bambanta da na ruwan ma'auni da fiye da kashi 10, sai a koma ƙara ma'auni cikin samfurin kansa.

Malama, ga wata hanyar duba aikinki ba tare da asid ba. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da ƙaramar na'urar nukiliya, NIRR-1, tun 2004, ana auna sinadarai da ita ta hanyar harba wa samfuri niyutiron. Busasshen gari ake sawa kai tsaye, don haka kuskuren narkarwa ba ya shiga. Samfuri biyu ko uku sun isa a kwatanta manganis, fotasiyom, ayon da tutiya. Dalma dai ba ta amsa wannan hanyar, kada ki kai ta can don ita.

Hajiya_Rabi_Barnawa ta rubuta:

Injiniya, giram 10 na gasasshiyar gahawa a kasko yana kama wuta in aka yi gaggawar babbaka shi, saboda man, kuma harshen yana tafiya da toka. Giram 5 ya fi aminci, a kasko mai faɗi, zafin farantin a ƙasa.

Malama Nafisa, ranar karatun samfuran kuma kada ki jera su 24 a jere. Bayan kowane goma ki mayar da ma'aunin tsakiya da bilank. In ma'aunin ya kauce da fiye da kashi 10, goman da suka gabata a sake su. A harshen wuta ki duba tukunyar asitilin kafin ki fara: in matsin ya sauka wajen 600 kPa a sauya ta, don daga nan asiton ɗin da ke cikin tukunyar yake fara biyo gas, harshen ya canza launi, karatun ya riƙa zamewa. Bakin wutar ma fotasiyom ɗin gahawa yana taruwa a tsagarsa, za ki ga harshen ya rabu kamar haƙoran mataji. A kashe, a bari ya huce, a goge tsagar da katin da ya zo da na'urar, a ja ruwa mai ɗan asid minti biyar kafin a ci gaba.